Ƙumar da ke jikin mage kaɗan ce, sauran na cikin ɗaki

Hajiya, kin ce magenki ba ta da aiki sai susa, ƙuma har ta fara cizon yara a ƙafa, kuma an ba ki shawarar shafa mata piya-piya. Don Allah kada ki kuskura. Ni da nake gaya miki sai da na binne ɗan mage kafin na yi hankali. Shekarar da muka ɗaure ragunan layya a gidanmu na Birni ƙuma ta cika mu, na ɗibi ragowar maganin kaskar da aka wanke su da shi na shafa masa. Kafin la'asar yana ta dalalar da miyau, jiki na karkarwa, da magariba ya mutu. Daga baya likitan dabbobi ya ce mini hantar mage ba ta iya sarrafa irin wannan guba kamar ta kare ko tunkiya, ga shi kuma duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. Maganin kare mai sinadarin fametirin ma haka, kalanzir haka, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Ki fara tabbatarwa ƙumar ce. Ki taje ta a kan farin ƙyalle mai danshi, in baƙin garin da ya zubo ya koma ja, kashin ƙuma ne.

Abin da ya yi mini aiki shi ne maganin ɗigawa mai fifuronil, irin su Frontline, amma wanda aka rubuta na mage ne. Ana buɗe gashin ƙeya inda harshenta ba ya kaiwa, a ɗiga a kan fata, sau ɗaya a wata. Jariran mage da ba su kai sati 8 ba kuwa mataji da ruwan ɗumi kawai, ki goge su sosai kada sanyi ya kama su. In kin ga dasashinsu ya yi fari, jini ne ya ƙare, a kai su wurin likita.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne gida. Macen ƙuma ɗaya na iya yin ƙwai har 50 a rana, ƙwan kuma ba ya zama a jiki, zubewa yake a tabarma, ƙarƙashin gado, tsagar daɓe, da gindin randa inda mage ke son kwanciya saboda sanyi. Shi ya sa za ki ga kamar an rabu, bayan sati biyu su dawo. Na san yadda ruwa yake a Damagaram, ba zan ce ki riƙa wanke ɗaki kullum ba. Rana ce muke da ita kyauta: tabarmi, katifa, tsumman da take kwana a kai, a baza su a tsakar gida tun hantsi. Shara kullum har lungu, a fitar da ita waje nan take. Ki jure haka wata 3, kuma duk magen da ke gidan a yi musu tare.

Ki duba ƙarƙashin wutsiyarta ma. In kin ga wani abu fari kamar ƙwayar shinkafa, tsutsar ciki ce da take samu in ta haɗiye ƙuma wajen lasa. Ki tafi da ita a auna nauyinta a ba ta magani daidai, ki tambayi allurar haukan kare tunda kin riga kin je.