Ku Tambaya Mu Amsa: "Kuɗina ne, huhuna ne, don me za a hana ni?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina ɗaukar kaya daga kasuwar Singa. Na daɗe ina cin abinci a wani gidan abinci da ke titin gidan Zoo, kuma in na gama nakan kunna karan taba ɗaya kafin in tashi. Kwanan nan Hajiyar da ke da wurin ta sa na'urar sanyaya ɗaki, ta liƙa takarda wai an hana shan taba. Da na kunna, sai yaron da ke kawo abinci ya zo a gaban mutane ya ce in kashe ko in fita. Raina ya ɓaci ƙwarai. Gwamnati ba ta hana sayar da taba ba, kuɗina ne, huhuna ne. Wannan ba tauye haƙƙi ba ne? Daga mai karatu a Fagge.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Yaron bai kyauta ba da ya yi maka magana a bainar jama'a. Babba kamarka, tsohon mai ciniki, kamata ya yi a matso kusa a faɗa maka a kunne. Amma a kan hanin kansa, Hajiya ce ke da gaskiya.

Da hayaƙin a huhunka kaɗai yake tsayawa, da na bar ka da likitanka. To ɗakin da aka rufe tagoginsa aka kunna na'ura, iska ɗaya ce ke zagayawa a ciki. Abin da ka fesar, da wanda ke tashi daga bakin karan yana ci, shi mai juna biyu da ke teburin baya za ta shaƙa, shi yaro mai asma zai shaƙa. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin tabar wasu, alhali su ba sa sha.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron nan da ya ɓata maka rai. Kai ka ci ka tashi, shi kuwa tun hantsi yana ciki har bayan isha'i. In kowane mai ciniki ya ce ai kara ɗaya ce, shi ya shaƙi ta kowa. Masu cewa wanda ba ya so ya sake wuri suna mantawa da irinsa. A wannan zamani da aiki ya yi wuya, ina zai je? Haka abin yake ga masu aiki a mashaya a Sabon Gari, da yaran gidajen kallon ƙwallo. Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallo ran babban wasa ya sani: rufin kwano, an toshe tagogi da buhu don hoton talabijin ya fito, mutane kafaɗa da kafaɗa a kan benci, hayaƙi ya taru yana lilo a gaban fitila, ka koma gida rigarka na wari har washegari. Akwai ƴan firamare a wannan ɗaki.

Batun doka kuma, Najeriya na da dokar taƙaita shan taba tun 2015, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Ta hana sha a wuraren taruwar jama'a irin su gidajen abinci da motocin haya, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta ma hana sayarwa kara-kara, sai kwali mai kara 20. Abin takaici, kowane mai tebur a bakin titi kara-kara yake sayarwa, har ga yaran da aka aiko. Rashin aiwatarwa ne ya sa kake ganin kamar Hajiya ta ƙirƙiro sabon abu.

Wasu ƙasashe sun riga mu yin wannan gardama. A watan Maris na 2004 Ayaland ta zama ƙasa ta farko da ta hana shan taba a duk wuraren aiki, har mashaya, inda taba ta zama kamar gado. An yi ta kururuwar cewa ciniki zai mutu, daga baya mutane suka saba fita waje. Sikotland ta bi sahu a 2006, Ingila a 2007. Binciken da aka yi a manyan asibitocin Sikotland ya nuna waɗanda ake kwantarwa saboda bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin ɗari bayan hanin, kuma mafi yawan ragin daga waɗanda ba sa sha ne.

Mu ma muna da ma'auni a gida. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ci tafarnuwa ko albasa kada ya kusanci masallaci. Ga abinci halal, da kuɗinsa mutum ya saya, amma aka ce ya nisanci sahu saboda wari kawai. To ina ga abin da ke cutar da jiki? Wannan ya haɗa da masu shisha, don gawayin da ke kanta na fitar da irin gubar da ke cikin hayaƙin janareta.

Inda nake tare da kai shi ne, hani bai zama lasisin wulaƙanta mai shan taba ba. Sabo ne mai wuyar bari, kuma da yawa tun suna samari suka faɗa. Shawarata ka koma wurin Hajiya, ku gaisa, ka roƙe ta ta ajiye benci a inuwa daga waje, nesa da ƙofa da taga. Ware kusurwa a cikin ɗakin ba ya magani, hayaƙi zagayawa yake. In kuma ka fara tari da asuba ko numfashinka na sarƙewa in ka ɗaga kaya, kada ka tsaya sayen maganin tari a kemis. Ka je asibiti a duba ƙirjinka, ka kuma tambayi likita hanyar rage shan taba har ka daina.