Amsoshin Tambayoyinku: Zuba Jari a Kamfanin da Bai Tsaya da Ƙafarsa Ba

Tambaya daga wani malami mai ritaya, Samaru: Assalamu alaikum. An biya ni kuɗin sallama bayan na ajiye aiki, na kuma ware naira miliyan 5 da niyyar sayen fuloti ta wajen Shika. Sai ga ɗan ƙanwata, wanda ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya zo mini da abokansa biyu. Sun haɗa wata manhajar waya da ke sada manoman masara na Giwa da Soba da masu gidajen kaji kai tsaye, suna kuma so in ba su kuɗin nan, su ba ni kashi 10 cikin 100 na kamfanin. Sun ce ta wannan hanya manyan attajiran Amurka suka yi arziki. Yaya masu wannan sana'a suke yanke shawara, kuma me ka ga ya dace in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Abin da yaran suka faɗa maka yana da tushe. A shekarar 1946 wani malamin jami'ar Harvard, Georges Doriot, ya jagoranci kafa wani kamfani a birnin Boston wanda ba shi da aiki sai ba sababbin kamfanoni jari domin ya mallaki wani kaso a cikinsu. A 1957 ya ba wasu injiniyoyi biyu dala 70,000 suka kafa kamfanin kwamfuta na Digital Equipment, kuma daga baya darajar wannan hannun jari ta kai ɗaruruwan miliyoyin daloli. A nan gida ma an ga irin haka: kamfanin Paystack na biyan kuɗi ta intanet, wanda wasu matasa biyu suka kafa a Legas, ya samu tallafi tun yana jariri daga masu ba sababbin kamfanoni jari, wato Y Combinator ta Amurka da kuma Ventures Platform ta Kola Aina da ke Abuja, sai ga shi a watan Oktoba na 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200.

Abin da ba su faɗa maka ba shi ne yadda mai wannan sana'a, wadda zan kira jarin kasada, yake kare kansa. Da farko dai yawancin kuɗin da yake juyawa ba nasa ba ne. Yana tattaro su ne daga asusun fansho, da gidauniyoyin jami'o'i, da bankunan raya ƙasa, da attajirai, waɗanda suka amince su haƙura da kuɗin har kimanin shekara 10. Sannan ba ya zuba su wuri ɗaya. Yakan raba su a kan kamfanoni ashirin ko talatin, yana sane tun daga ranar farko cewa fiye da rabinsu ba za su dawo masa da ko uwar kuɗinsa ba, wasu kaɗan za su yi ta lallaɓawa, ɗaya ko biyu ne za su bunƙasa har su rufe asarar sauran su kuma bar riba. Shi kansa Doriot, kaso mafi tsoka na ribar da kamfaninsa ya samu daga waccan dala 70,000 ɗin ya fito. Bugu da ƙari, yakan ajiye wani ɓangare na asusun a gefe domin ya ƙara wa kamfanin da ya nuna alamar rayuwa. Kai kuwa, Malam, kamfani ɗaya ne a gabanka, kuɗin guminka ne na shekaru, kuma idan sun tafi babu wani albashi da ke tafe da zai maye gurbinsu. Saboda haka ko da manhajar yaran tana da kyau ƙwarai, matsayinka da na mutumin Boston ba ɗaya ba ne.

Game da yadda suke zaɓe, akwai manyan ra'ayoyi biyu da suka daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Arthur Rock, wani mai jarin kasada na Amurka wanda ya nemo wa injiniyoyi takwas jarin da suka kafa kamfanin kayan lantarki na Fairchild Semiconductor a 1957, ya kuma tara kuɗin kafa Intel a 1968, ya fi ba mutane muhimmanci a kan dabarar da suka zo da ita, domin a ganinsa dabara tana sauyawa sau da yawa kafin kamfani ya zauna, amma gaskiya da juriyar masu shi su ne za su kai shi ko su kayar da shi. Don Valentine kuwa, wanda ya kafa kamfanin jarin kasada na Sequoia a 1972 ya kuma zuba jari a Atari da Apple da Cisco, kasuwa yake fara dubawa: shin masu buƙatar abin nan suna da yawa, kuma suna cikin matsin da zai sa su biya? Kai ka fi Rock sanin mutum ɗaya daga cikin ukun, tunda a gabanka ya girma, sai dai wannan sanin ne kuma zai iya rufe maka ido. Tambayar Valentine ce ya kamata ka fi matsa musu a kanta.

Kada ka tsaya a kan hotunan da za su nuna maka a kwamfuta. Ka ce su kai ka kasuwar Giwa ranar da take ci, su nuna maka manoman da suka taɓa sayar da masara ta hannunsu, ka keɓe da biyu ko uku ka tambaye su ko za su sake. Ka nemi takardar bayanin asusun banki na kamfanin, ka ga buhu nawa aka biya kuɗinsa a kakar da ta wuce. Ka ɗauki buhu ɗaya ku yi lissafinsa tare a kan takarda: kuɗin buhun kansa, da ɗinki, da 'yan dako, da kuɗin mota, da abin da ake karɓa a kan hanya, sannan ka ga abin da ya rage wa kamfani. Ka tambaye su wa ke ɗaukar asara idan mai gidan kaji ya buɗe buhu ya tarar masarar ba ta bushe ba, ko ƙwari sun shiga. Tambaya mafi nauyi kuwa ita ce ta dillali. Mutumin nan da suke son manhajarsu ta ture shi, shi ne sau da yawa yake ranta wa manomi kuɗin taki da damina, shi ne kuma ake bugawa ƙofa idan matar manomi ta kwanta asibiti; to me zai sa manomi ya juya masa baya saboda ƙarin 'yan kuɗi kaɗan a kan buhu? Idan yaran suna da amsa mai ma'ana a kan wannan, sun san kasuwarsu. Ka kuma bincika ko dukansu ukun sun duƙufa a kan aikin ne, ko kuwa ɗaya yana jiran kiran bautar ƙasa, wani kuma yana neman gurbin ƙaro karatu a waje.

Sai batun farashi, wanda mutanenmu suka fi yin sakaci da shi. Miliyan 5 a kan kashi 10 yana nufin sun yi wa kamfanin kuɗi naira miliyan 50, don haka kana da haƙƙin tambayar abin da ya kai shi wannan daraja. Kason naka kuma ba zai tsaya a 10 ba: idan gobe wani babban mai jari ya shigo aka ba shi kashi 20 ta hanyar fitar da sababbin hannayen jari, naka zai koma 8, haka kuma zai ci gaba da raguwa duk lokacin da aka sake neman kuɗi. Wannan ba zamba ba ce, haka tsarin yake, ana fatan darajar kamfanin ta ƙaru fiye da yadda kason ke raguwa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne hanyar fita. Fuloti, in larura ta taso, za ka iya kiran dillali ka sayar ko da da ɗan rangwame. Hannun jarin ƙaramin kamfanin da ba ya kasuwar hannayen jari ba shi da mai saye sai ranar da wani babban kamfani ya saye shi ko wani mai jari ya nemi kasonka, kuma irin wannan rana ba ta cika zuwa a Najeriya ba. Shi ya sa har yau ake ta ambaton Paystack.

Ta fuskar shari'a, asalin tsarin yana kusa da abin da malamanmu na fiƙihu suka sani a babin tarayya da na ƙiradi, inda ake raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, asara kuma ta hau kan dukiya, ba tare da an lamunce wa mai kuɗi wani adadi tsayayye ba. Duk da haka wasu takardun da ake kwafowa daga waje suna ɗauke da sharaɗin kuɗin ruwa, musamman waɗanda ke farawa a matsayin bashi kafin su rikiɗe su zama hannun jari, don haka a nuna wa malami masani kafin a sa hannu.

Shawarata ita ce ka sayi fulotinka, bayan ka tantance takardunsa a KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna. Idan binciken da na zayyana ya gamsar da kai, ka ba yaran abin da in ya salwanta ba zai hana ka barci ba, misali miliyan 1, wanda a farashin da suka yanka ya kama kashi 2, kuma ka raba shi gida biyu: rabi yanzu, rabi bayan sun kai adadin buhunan da kuka amince a kaka mai zuwa. A tabbatar kamfanin yana da rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, sunanka ya shiga cikin masu hannun jari, manhajar ta zama mallakin kamfani maimakon ta mutum ɗaya, sannan lauya ya rubuta cewa duk wanda ya fice daga cikin ukun kafin shekara huɗu ba zai tafi da cikakken kasonsa ba, kamar yadda ƙwararrun suke shar'antawa. Ka kuma zaunar da ƙanwarka ka shaida mata a gaban ɗanta cewa wannan kasuwanci ne da ke iya faɗuwa, domin kada ranar da abin ya ƙi ya taɓa zumunci.

Tambaya daga wata ɗaliba da ta kammala karatun akanta, Kongo: Ina sha'awar yin aiki a kamfanonin da ke zuba jari a sababbin kamfanoni. Na ga wani kwas a intanet mai tsadar gaske da ke alƙawarin koyar da sana'ar cikin 'yan makonni. In biya, ko in karɓi aikin da wani ƙaramin kamfanin sarrafa shinkafa ya ba ni?

Amsa: 'Yar'uwa, ki karɓi aikin. Manyan wannan sana'a ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba: Valentine ya shafe shekaru yana tallan kayan lantarki a Fairchild da National Semiconductor, Rock ma'aikacin wani kamfanin hada-hadar kuɗi ne a New York, Michael Moritz kuwa ɗan jarida ne a mujallar Time kafin ya shiga Sequoia a 1986, inda daga baya ya jagoranci zuba jari a Yahoo da Google. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya san wani fage ciki da bai, ya kuma san mutanen da ke cikinsa.

Ya kamata kuma ki san dalilin da ya sa guraben aiki suka yi ƙaranci a wannan fanni. A bisa al'ada masu kula da asusu suna karɓar kimanin kashi 2 cikin 100 na asusun duk shekara domin gudanarwa, sai kashi 20 na riba idan an same ta bayan shekaru. Asusun dala miliyan 10 ke nan yana da dala 200,000 a shekara, wadda daga cikinta za a biya albashi da haya da lauyoyi da tafiye-tafiye, don haka mutane ƙalilan yake iya ɗauka, kuma ba takardar shaidar kwas suke dubawa ba. Irin waɗannan kamfanoni da ke kusa da mu suna birane kamar Legas da Abuja da Nairobi, kuma abin da suke da ƙarancinsa shi ne wanda ya san yadda kuɗi ke tafiya a harkar noma da sarrafa amfanin gona a Arewa. Shekara biyu kina riƙe da littattafan kamfanin shinkafa, kina ganin yadda tsadar dizal da bashin 'yan sari ke cinye riba, za su ba ki abin da za ki faɗa a gabansu wanda wasu ba su da shi. A gefe guda ki riƙa bin darussan da Y Combinator ke sakawa kyauta a intanet, ki karanta dokar Najeriya ta sababbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a watan Oktoba na 2022, ki riƙa leƙa tarukan matasa masu fasaha a Kaduna, sannan ki saba da rubuta gajeren nazari mai shafi biyu a kan duk ƙaramin kamfanin da kika ci karo da shi, kina bayyana dalilin da zai sa ki zuba masa kuɗi ko ki ƙi. Irin wannan rubutu ne za ki tura musu ranar da kika nemi aiki.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari: An sa ni a wani zauren WhatsApp inda ake cewa ana zuba kuɗinmu a kamfanonin fasaha na ƙasashen waje, ana kuma biyan kashi 15 cikin 100 duk wata. Abokaina biyu sun karɓi na wata biyu. In shiga?

Amsa: Alhaji, kada ka shiga. Sabon kamfani cin kuɗi yake yi a shekarunsa na farko, ba ya fitar da ribar wata-wata, kuma babu mai jarin kasada na gaskiya da zai lamunce maka wani adadi, balle kashi 15 a wata, wanda ya kama kashi 180 a shekara. Mafi kusa da gaskiya shi ne daga kuɗin sababbin shiga aka biya abokanka, kamar yadda MMM ta riƙa yi kafin ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Ka tambayi mai zauren cikakken sunan kamfaninsu, ka duba da kanka ko yana cikin jerin waɗanda hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta yi wa rajistar karɓar jarin jama'a, domin rajistar CAC kaɗai ba ta ba kowa wannan izini ba. Ka kuma gaya wa abokan naka su nemi cire uwar kuɗinsu a wannan makon, su ga amsar da za a ba su.