Tambaya da Amsa: Na ba yarona ibuprofen fuskarsa ta kumbura

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah ina neman shawara. Yarona ɗan shekara 4 zazzaɓi ya kama shi na ba shi ibuprofen na ruwa, wlh ko minti 20 ba a yi ba sai na ga leɓensa ya kumbura suntum idanu sun kusa rufewa, jiki ya yi ruɗu-ruɗu yana ta susa, numfashi na fita da ƙara kamar usur. Muka ruga asibiti aka yi masa allura a cinya ya lafa. Yanzu surukata ta ce wai maganin ne ya yi masa yawa, in ya sake zazzaɓi in ba shi rabi. Haka ne? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki ba Mama haƙuri amma kar ki ba shi rabi, ko ɗigo ma kar ya sake shiga bakinsa. Ba yawa ba ne matsalar, jikinsa ne ba ya son maganin, kaɗan ma zai iya tayar da abin. Borin jini in ya haɗu da kumburin baki da toshewar numfashi shi ake kira anafilaksis, yana iya kashe yaro cikin mintuna, kuma allurar cinyan nan adiranalin ce, ita ce maganinsa. Piriton ƙaiƙayi kawai yake ragewa, ba ya buɗe maƙogwaro, na sha ganin iyaye sun ba da shi sun zauna jira.

Ibuprofen kuma yana da 'yan'uwa, diclofenac, naproxen da asfirin, aikinsu a jiki iri ɗaya ne shi ya sa yaron da ɗaya ya tayar wa sauran ma kan tayar masa, balle in yana da asma. Asfirin dama ba a ba yaro ƙasa da shekara 16. Ki dinga duba bayan kwali don wasu magungunan mura da ciwon jiki akwai ibuprofen a ciki da wani suna a gaba. Farasitamol yawanci ba ya tayar musu, amma ki tambayi likitan da ya duba shi tukuna.

Akwai wani nau'in borin magani da ba ya zuwa nan take, sai bayan kwanaki ko sati biyu ma, zazzaɓi, ido ya yi ja, baki ya yi gyambo yaro ya kasa haɗiye ko ruwa, fata ta fara ɗayewa kamar ƙuna. Sunansa Stevens-Johnson, ana yawan ɗauka ƙyanda ce a ci gaba da ba da maganin da ya jawo shi. Shi ma a tsayar da maganin a tafi asibiti.

Ki sa a rubuta a katinsa na asibiti cewa jikinsa ba ya son ibuprofen, ki faɗa wa malaman makarantarsu, kwalbar nan kuma ki ɗauki hotonta a waya kafin ki jefar.