Wiwi, tiramol da dokar Gana: likita ya amsa tambayoyinku

Wata uwa daga Aboabo: An kama ɗana da ƙullin wiwi a aljihu. Maƙwabta sun ce ai gwamnati ta halatta ta. Haka ne?

Hajiya, ba a halatta ba, sassauci aka yi. Dokar 1990 ɗaurin shekaru ta tanada. Ta 2020, wadda ta kafa NACOC, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta ce wanda aka kama da ɗan abin da zai sha shi kaɗai tara zai biya, sidi 2,400 zuwa 6,000, in ya kasa biya ya shiga gidan yari. Mai sayarwa kuwa babu sassauci a kansa. Wiwin da aka yarda a noma da lasisi, sinadarinta mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, ba irin ta aljihun ɗanki ba ce. In kun gama da kotu, ki kawo shi asibiti.

Wani direban pragiya (keke mai ƙafa uku) daga Asawase: Kullum da asuba sai na haɗiyi tiramol mai miligiram 225. In na bari, sai zufa, gudawa da ciwon gaɓoɓi.

Ɗan'uwa, jikinka ne ya saba, ba aljanu ba ne, ba kuma lalacewa ba. Mai miligiram 50 da 100 ne hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta amince da su, su ma sai da takardar likita. Naka ta bayan fage ya shigo. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya: kana kan titi da fasinja uku a baya, hannu ya ƙage, kumfa a baki. In ka haɗa da giya ko maganin barci kuma, numfashi na iya tsayawa. Kada ka yanke shi dare ɗaya. A hankali ake rage shi, likita na lura da kai. Ka je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, ka faɗi adadin da kake sha ba ragi, don da shi za a tsara maka ragewar.

Wani malamin makarantar allo: Sassaucin nan ba zai ƙara wa yara ƙarfin gwiwa ba?

Allah gafarta Malam, Fotugal ta daina ɗaure masu sha tun 2001, ta mai da hankali kan magani, kamuwa da ƙanjamau tsakanin masu allurar ƙwaya ya ragu ƙwarai. Ni abin da ke damuna a nan, mun sassauta hukunci amma wuraren jinya ba su ishe mu ba, iyali da yawa sai sun nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang ko na Ankaful.