Amsar Goggo kan batun jeren ɗaki

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Ƙanenki ne ya karanta mini, don idona ya fara gardama da rubutun waya. Kin ce gidan da za ku tare a Abuja ciki biyu ne da falo, na haya, kuma ke ba kya son tarkace: gado, kujeru, tukwane uku, faranti shida, shi ke nan. Mamanki kuwa ta yi fushi, ta ce za ki ja mata abin faɗi a dangi. Kina tambaya wai jeren nan addini ne ko al'ada.

Al'ada ce. Abin da addini ya wajabta shi ne sadaki, sannan ci da sha da sutura da makwanci suna wuyan miji. Babu malamin da zai ce aure bai ɗauru ba don ba a kai shogilas ba. Amma kada ki yi saurin murna, domin ba ki tambayi dalilin da ya sa iyayenmu suka riƙe abin da hannu biyu ba.

A ɗakin Inna, kakarki, ƙore ne a jere da akusa da faya-fayai, sai tasoshin tagulla na Bida da take gogewa da toka da lemon tsami duk jajibirin Sallah. Mu namu zamanin na langa ne da samira da fanteka. Ranar jerena mata sun wuni a kan benci suna ɗora langa kan langa har ta kusa taɓa rufi, wata na guɗa, wata na ƙirgawa a zuci don ta kai labari gida. Bayanmu aka shiga tangaran, sannan kuloli. Kowane zamani sai ya yi wa na baya dariya.

Mu ba don ado kaɗai muke tarawa ba. Matar da ke kulle ba ta da asusun banki. Ribar ƙosai, kuɗin ƙuli-ƙuli, kwasar adashi, duk kwano ake mayar da su. Kuɗi in suna ƙulle a bakin zane, maigida zai ce ranta mini zuwa kaka, ɗan'uwa zai zo da tasa larurar. Amma wane namiji ne zai iya buɗe baki ya ce sauko mini da langarki in sayar? Kunya ba za ta bar shi ba. In aure ya mutu, Allah ya kiyaye, kayanki naki ne, a mota za a loda miki su. Ga shi kuma kuɗi ba su da amana. A 1973 aka ɗauke mana fam da sule aka kawo naira da kwabo. A 1984 aka canza launin takardun, aka ba mutane 'yan kwanaki kawai, masu binne kuɗi a tukunya suka yi kuka da hawaye. Ke ma kin ga wahalar da aka sha a farkon 2023. Kwano kuwa ba a taɓa wayar gari gwamnati ta ce ya daina aiki ba.

A wannan shekara ta 1984 ɗin, da fari ya haɗu da tsada, rumbunmu ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba. Na aika aka kira dillaliya bayan magariba. Na sauko da fantekoki huɗu da jeren samira guda, ta naɗe su a mayafi ta fita ba wanda ya sani. Kwana uku ta dawo da kuɗin da suka sayi geron da ya kai mu sabon hatsi. Na ja sauran kwanukan na toshe giɓin. Mai gidan nan har ya koma ga Allah bai taɓa tambayata ba, ni ma ban faɗa ba, amma na san ya lura.

Sannan akwai mutane. Faranti shida, to ranar suna fa? Bahaushe ba ya aiko da sanarwa kafin ya yi sallama. Fantekata ta zaga gidajen unguwarmu kaf, biki da rasuwa, da ɗigon jan fenti a gindinta don kada ta ɓace.

Duk da haka ba zan ce Mamanki ce da gaskiya ɗungurungum ba. Da Inna ta rasu muka buɗe adakarta don rabon gado. Turamen atamfa ne tun na gararta, ba ta taɓa kai ko ɗaya wurin tela ba, tana jiran wata rana. Warin kafur ya bugo mu, muka ɗaga na sama sai ya rabe a kan ninki, na ƙasa kuwa gara ta gama da su. Gara ta ci kayan gara. Muka yi dariya, muka koma kuka, don ga maƙwabciyarta da zane ɗaya take wanki ta jira ya bushe.

Jeren yanzu ma ya bar hanyarsa. Uba ya sayar da gona, uwa ta ci bashi, don 'yan ganin ɗaki su yi shiru. Kayan kuma na garin katako ne da aka matse, tashi biyu daga gidan haya sun wargaje, dillaliya ko rabin kuɗin ba za ta taya ba. Wannan ba ajiya ba ce, asara ce mai ƙyalli.

Don haka kada ki je wa Mamanki da "ba na so". Shekara nawa tana zubin adashi da sunanki, kalmar za ta yi mata ciwo. Ki ce mata a rage katako, a bar miki manyan tukwane biyu da kuloli na fita kunyar baƙi, sauran kuɗin a saya miki zinare, ko fili da takarda da sunanki, ko tumaki a ba amintacce kiwo. In zinaren na ajiya ne ba na sawa ba, ya kai misƙali 20 ya shekara, ki tuna akwai zakka. Ki bar ta ta yi gara yadda ranta ke so, wannan ci za a yi, ba zai tare miki ɗaki ba. Ni zan same ta kafin Juma'a mu yi magana irin tamu.

Tasar Inna guda ɗaya tana wurina, mai zanen nan a baki. Da ita zan zo ranar jere, sai ki nema mata wuri.