Gwaggo, ga amsar tambayarki a kan zumuntarmu ta Manchesta

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya ƙafar nan taki, yaya matan zumunta? Na saurari saƙon muryar da kika turo har sau uku. Na fari na yi dariya, na biyu na ji ɗan zafi, na uku kuwa na ce lalle tambayar nan ta cancanci a zauna a amsa ta, domin ba ke kaɗai kika yi ta ba. Tun da bidiyon taronmu na Kirsimeti ya zaga wayoyin mutanen Malumfashi, kowa da abin da ya hango a ciki. Ke abu uku kika hango: mata da wando ba ɗankwali, dattijo da carbi a hannu, sai kuma yarinyar da ta ba da waƙa da goyo a baya, wadda aka gaya miki ba ta da miji. Kika rufe da cewa, "Shin wannan coci ne ko kasuwar Bakori?"

Bari in fara da cewa ba coci ba ne. Zumunta ce ta masu jin Hausa, muna haɗuwa Asabar ta ƙarshe a kowane wata a wani ɗakin taro da muke haya awa uku. In an cika sosai mu kai arba'in da yara. Ran Lahadi kowa yana da majami'arsa. A cikinmu akwai 'yan ɗariku iri-iri: 'yan ECWA, da 'yan COCIN daga Filato, da 'yan EYN da suka fito daga kudancin Borno da Adamawa, da 'yan LCCN na wajen Numan, da Angilikan na Zariya, da Katolika daga kudancin Kaduna, har da wani iyali daga Maraɗi. Hausawan haihuwa irinmu ba mu fi gida huɗu ba. Sauran, Hausa ce harshen da suka tashi suna addu'a da shi, kuma a ƙasar nan wanda ya ce miki "sannu" a tashar bas ya riga ya zama ɗan'uwa. A gida kina iya wuce majami'u biyar kafin ki kai taku, kowace ɗarika da jama'arta cike. A nan, in muka ce sai ɗan ɗarikarmu, kowa zai zauna da iyalinsa ne a falo yana rera waƙa shi kaɗai.

To ga dattijon carbi ke nan, Katolika ne. Ba mu taɓa cin Jibin Ubangiji tare da shi ba, domin ba ma yin Jibi a zumuntar, mun bar wa kowace ikilisiya nata. Ni ban yarda da roƙo ta hannun Maryamu ba, ya sani, ya kuma san ba zan sake ba. Amma lokacin da mijina ya kwanta asibiti, shi ne ya yi mako biyu yana kai yarana makaranta da motarsa. Ban ga ta inda zan ce masa ya ajiye carbinsa a ƙofa ba.

Batun wando ba zan daɗe a kai ba. Rabin matan da kika gani daga aiki suka zo kai tsaye, aikin jinya ko na kula da tsofaffi, awa goma sha biyu a tsaye, kuma wando ne kayan aikin. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, sanyi kuma yana ratsa atamfa kamar ba ki sa komai ba. Ni dai ina ɗaura ɗankwalina in zan yi addu'a, haka kika rene ni, kuma na karanta Korantiyawa ta fari sura 11 kamar yadda kika karanta. Wasu sun fahimci wurin dabam. Mun yi gardamar sau ɗaya har shayi ya huce, muka bar ta nan.

Maganar yarinyar ce ta fi nauyi, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

A Fabrairun 2022 gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi, 'yan Nijeriya suka yi ta shigowa. Bizar tana ɗaure ne da kamfanin da ya ɗauko mutum. In kamfanin ya sake ki, ko aka ƙwace masa lasisi, kwana sittin ake ba ki ki samo wani ko ki bar ƙasar, kuma ba ki da haƙƙin karɓar tallafin gwamnati. Ita ta zo a wannan ayarin. Iyayenta gona suka sayar suka biya dillali, ta iso ta tarar aikin da aka yi mata alkawari kwana biyu ne a mako. Wani ya ba ta ɗaki, ya yi mata alkawarin aure, da ciki ya fito ya sauya lambar waya. Ba ina wanke ta ba ne, Gwaggo. Ta yi zunubi, ita da bakinta ta faɗa kafin kowa ya faɗa mata.

Wata biyar ba mu gan ta ba. Kuma gaskiyar da zan gaya miki ita ce, ni ma na ji labarin, na taɓe baki, na ce yaran yanzu ke nan. Ban kira ta ba. Wata 'yar Filato ce, wadda ni a raina nake ganin ba ta cika natsuwa ba saboda ƙumbunanta da ƙarin gashinta, ta bi sawu har ta gano ɗakin. Ta tarar da ita da cikin wata bakwai, ba ta kunna na'urar ɗumama ɗaki saboda kuɗin wuta, tana kwana da rigar sanyi biyu, ba ta kuma taɓa zuwa awo ba don tana tsoron a kai rahotonta. Ni ce ma'aikaciyar jinya, shekara goma sha tara a ƙasar nan, gidana bai fi minti ashirin da nata ba. Ranar na gane abin da ake nufi da laifi tudu ne.

Na san abin da za a yi a gida. Dattawa za su zauna, a sanar a gaban jama'a, a sa ta ƙarƙashin horo, ta koma bencin baya, ba waƙa, ba Jibi, sai wa'adin ya cika. Ban raina wannan tsari ba, na ga waɗanda ya gyara. Amma ki duba abin da ke riƙe da yarinyar da aka hora a gida. In an tashi sujada, gidan uwarta za ta koma. Akwai tuwo, akwai gwaggo irinki da za ta yi mata faɗa da safe ta aiko mata da kunu da yamma, akwai kakar da za ta karɓi jaririn. Bencin baya yana cikin majami'a, majami'a tana cikin gari, garin kuma nata ne. A nan bayan bencin baya sai ƙofa, bayan ƙofa kuma ba kowa. Ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka kira kansu Kirista a Ingila da Wales kashi 46 ne cikin ɗari, karo na farko da suka gaza rabi, waɗanda suka ce ba su da addini kuma sun kai kashi 37. Wanda ya bar zuwa sujada a ƙasar nan ba mai tsayar da shi a hanya ya tambaye shi ko lafiya. Ya tafi ke nan shiru, sai bayan shekaru ki gamu da shi a kanti yana kau da kai.

Kada ki ɗauka mun ce mata abin da ta yi ba laifi ba ne. Mata biyu manya suka zauna da ita su kaɗai, aka yi magana mai zafi, aka yi kuka, aka yi addu'a. Fastonta na ran Lahadi ma ya yi nasa. Abin da ba mu yi ba shi ne tsayar da ita gaban mutum arba'in. Muka yi karo-karo na kuɗin haya, na kai ta awo da kaina, wani ɗan'uwa ya taimaka mata da takardu har ta sami kamfani na gaskiya. Da ta haihu muka yi suna da waina da kunun gyaɗa. Waƙar da kika ji ta bayar, ba ita ta nema ba, mu muka matsa mata, don wata uku tana zuwa tana laɓewa a kusurwa kamar mai jiran a kore ta. Muryarta rawa take yi a baitin farko, in kin sake kallo za ki ji.

Za ki ce Bulus da kansa ya umarci Korantiyawa su fitar da mai zunubi daga cikinsu. Haka ne, yana Korantiyawa ta fari sura 5, mutum ne da ke zaune da matar ubansa, jama'a kuma suna taƙama ba ko kunya. Amma a wasiƙa ta biyu, sura 2, Bulus ɗin nan ya ce wanda aka hora a gafarta masa a kuma ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Mu yarinyar da muka tarar, baƙin cikin ya riga ya kai mata wuya.

Wurin da muka fi komawa a zumuntar shi ne Romawa 14 da 15, kuma sai da na yi zaman baƙunta na fahimce shi. Wajen shekara ta 49 Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, shi ya sa Bulus ya gamu da Akila da Bilkisu a Koranti. Bayan mutuwar sarkin a 54 suka fara komawa, suka tarar da ikilisiyar a hannun waɗanda ba Yahudawa ba, masu cin kowane irin nama, waɗanda ba su damu da ranakun da Yahudawan suke tsarkakewa ba. Mutane kaɗan ne a babban birni, suna taruwa a gidaje, kowa da al'adar da ya zo da ita, kowa yana kallon kwanon ɗan'uwansa. Bulus bai ce masu cin ganye su fara cin nama ba, bai kuma hana masu nama ba. Ya ce mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci, ya tambaye su wa ya sa su alƙalanci a kan baran wani, sa'an nan ya ce su karɓi juna yadda Almasihu ya karɓe su. Na san ciki ba aure ba ɗaya yake da cin nama ba, na bambanta su. Amma wandon da carbin da ɗan kunnen da ɗana ya huda, duk nan na ajiye su.

Ke ma kin san wannan abin tun kafin ni, Gwaggo. Kaka da ya bar tsafi ya ba da gaskiya, matansa biyu ne. Aka ce ba baftisma sai ya saki ɗaya, ya ce ba zai kori uwar 'ya'yansa ba. Shekara nawa ya yi yana zuwa sujada kafin kowa, yana share harabar, yana zama a baya? Ke kika ba ni labarin, kina share hawaye da bakin zane. Angilikan ma da suka hana irinsa baftisma a babban taron bishop-bishop ɗinsu na Lambeth na 1888, sai da suka dawo a 1988 suka ce a yi masa baftisma da matansa masu bi, muddin ba zai ƙara aure ba kuma jama'ar wurin sun amince. Shekara ɗari. Na kan yi tunanin mutum nawa suka mutu a bencin baya a tsakanin.

Kada ki ɗauka mun zama mala'iku. Gulma tana nan, ta dai koma WhatsApp. Muna kuma da namu sabon ma'aunin da babu a gida: mai fasfon ƙasar da mai biza, likita da mai wankin tsofaffi, wanda yaransa ke jin Hausa da wanda nasa ba sa ji. Na sha ganin an yi wa mutum gaisuwar da ta dace da takardarsa. Wani dattijo mai tsoron Allah ya bar zuwa bayan bidiyon nan, ya ce mun sassauta da yawa, yara za su ɗauka ba laifi. Maganarsa tana damuna, domin ina da 'ya mai shekara goma sha shida tana kallon duk abin da muke yi. Na zaunar da ita na gaya mata abin da Littafi ya ce a kan aure ba ɓoye-ɓoye. Na kuma gaya mata ko me ya same ta, ƙofata za ta fara bugawa, ba ta kulle kanta a ɗaki mai sanyi ba. Shi ma dattijon da ya bar zuwa muna kiransa duk wata, ran Ista kuma za mu kai masa tuwon shinkafa da miyar taushe, ko ya dawo ko bai dawo ba.

Yanzu ga roƙona. Yaya zai zo a watan Maris, don Allah ki ba shi zanen zumunta yadi shida da ɗankwalinsa, da littafin waƙoƙi guda biyar, namu duk sun yage. Zanen na yarinyar ne. Ta ga nawa ta ce irinsa uwarta take ɗaurawa ran Lahadi, kuma har yau ba ta iya gaya wa uwar cewa ta yi jika ba. Na ce mata ina da gwaggo da ta iya irin wannan magana, wadda in ta je da kanta uwar za ta saurara. Garinsu bai fi tafiyar awa biyu daga wurinku ba. In kin yarda, zan turo miki kwatance da kuɗin mota.

Ki gaishe mini da Baba da yaran gida duka.