In fitsari banza ne, kaza ta yi

Wani malamin firamare daga karkarar Ringim ya aiko da tambaya. Ɗalibansa ne suka tsare shi: me wannan karin magana take nufi, kuma da gaske kaza ba ta fitsari?

Malam, ana jefa ta ne ga mai raina aikin da shi kansa ba zai iya ba. Mutum ya tsaya a inuwa yana cewa huɗa ai ba komai ba ce, sai a miƙa masa garma a ce bisimilla.

Su kuwa magabata, abin da ido ya gani suka faɗa, don ba wanda ya taɓa ganin kaza ta tsuguna. Amma tana da ƙoda biyu, manne da ƙashin bayanta. Mafitsara ce ba ta da ita. Ka sa yaran su duba kashin kaji da kyau: farin nan da ke kansa, shi ne fitsarin. Haka na ƙadangare yake.

Duk dabbar da ta ci nama ko wake, jikinta na samar da wata guba mai suna amoniya. Kifin kogin Haɗeja sakinta yake kai tsaye cikin ruwa. Tsuntsu kan mayar da ita farin ƙulli mai kauri, wanda ba ya cin ruwa sosai, kuma ba ya cutar da ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. Mu da akuya da saniya, hanta ce ke juya ta zuwa yuriya (sunan takin da manoma ke saye a buhu, kuma sinadarin ɗaya ne), jini ya kai ta ƙoda.

A nan aikin yake. Kowace ƙodar mutum na ɗauke da 'yan matatai wajen miliyan ɗaya. A yini suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini, amma abin da ke fita wajen lita ɗaya da rabi ne kawai. Sauran duk jiki ke tsotsewa, da sukari da gishirin da yake buƙata. In an wuni a rana ana girbi ba a sha ruwa ba, ƙoda kan ƙara riƙe ruwan, shi ya sa bawali ke fitowa kaɗan, jawur. Wanda ƙodarsa ta gaza har sai an yi masa wankin ƙoda da na'ura, ba zai yarda a kira fitsari banza ba.

Wata ɗalibar kuma ta tambayi bambancin ƙoda da koɗa. Ƙugiya ce ta sauya wuri. Ƙoda tsokar ciki ce, wadda mai tsire ke haɗawa da hanta. Koɗa kuwa shi ne sassaƙa dutsen niƙa don ya yi kaifi, ana kuma cewa "ya cika koɗa kansa". Masu rubutu a waya da ke zubar da ƙugiya su ke haɗa mana su.